Yaro mai ƙullutan jijiya a fata da hanji: maganin ƙarin jini, na'urar leƙa ciki, tiyata ko sirolimus?

Iyayen da likita ya shaida musu cewa ɗansu yana da ciwon Bean galibi sun riga sun sha zirga-zirgar asibiti kafin su ji wannan suna. Yaron ya daɗe jininsa na sauka, idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, yana haki da zarar ya ɗan yi gudu. An ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba shi na tsutsar ciki, an gwada shi an ga ba sikila ba ne, an ƙara masa jini, bayan wata biyu ko uku kuma jinin ya sake komawa ƙasa. Sai a dace da likitan da zai lura da wasu ƙananan ƙullutai masu duhu a tafin ƙafar yaron ko a gadon bayansa, ya danna ɗaya ya ga ya lotsa sannan ya sake cika a hankali, ya tambayi uwar ko bayan gidan yaron yakan yi baƙi kamar kwalta. Daga nan ne ake gano cewa irin ƙullutan da ke fata suna nan a cikin hanji, kuma su ne ke tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan dare da rana.

Ciwon ba shi da yawa, domin waɗanda aka rubuta labarinsu a mujallun likitanci na duniya ɗaruruwa ne kawai. Wani likita mai suna Gascoyen ne ya fara bayyana shi a Ingila a 1860, sannan a 1958 likitan Amurka William Bean ya raɗa masa sunan da ake rubutawa a katin asibiti har yau, wato Blue Rubber Bleb Nevus Syndrome, a taƙaice BRBNS, saboda ƙullutan shuɗaye ne masu laushin roba. A fatar baƙin mutum shuɗin ba ya fita sosai, sai dai a ga ƙullutun baƙi-baƙi ko shunayya mai duhu, wannan ma yana cikin dalilan da ke sa a daɗe ba a gane ciwon ba. Asalinsa kuwa jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya ne suka ginu ba daidai ba tun yaro yana ciki: bangonsu siriri ne, ba shi da isasshiyar tsokar da za ta riƙe shi, sai su buɗe su zama 'yan jakunkuna da jini ke kwanciya a ciki. A 2017 masu bincike a Brussels ta ƙasar Beljiyam suka nuna cewa sauyi ne ke faruwa a wata ƙwayar halitta mai suna TEK, kuma a mafi yawan yaran sauyin yana cikin ƙwayoyin jijiyar da ta lalace ne kawai, ba daga uwa ko uba aka gaje shi ba. Saboda haka babu dalilin da dangin miji za su ɗora wa dangin mata laifi, ko su su ɗora musu. Ciwon ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani, amma ƙullutan ba sa ɓacewa da kansu, sukan ƙaru a yawa da girma yayin da yaro ke tasowa.

Hanyoyi huɗu ne ake bi wajen magance zubar jinin da ke cikin hanji, kuma babu wadda ke cire tushen ciwon. Wannan rubutu domin iyayen da aka jera musu hanyoyin ne, suka koma gida suna juya maganar, ba su san wadda za su amince da ita ba.

Abin da ya kamata a sani kafin a zaɓa

Ba a iya auna hanyoyin nan da kyau sai an san adadin ƙullutan da ke ciki da inda suke. Na'urar leƙa ciki da ake zurawa ta baki tana ganin maƙoshi da tumbi da farkon ƙaramin hanji, wadda ake zurawa ta dubura kuma tana ganin babban hanji da ƙarshen ƙaramin. Tsakanin waɗannan biyu akwai dogon zango na ƙaramin hanji da ba sa isa, kuma a nan ne ƙullutan ciwon Bean suka fi taruwa. Ana ganin wannan zango da wata 'yar kyamara mai siffar kafson magani da yaro ke haɗiyewa ta riƙa ɗaukar hoto har ta fita, wadda aka yarda a yi amfani da ita ga yara daga shekara 2. Idan akwai babban ƙullutu a cinya ko ƙugu ko wuya, kamar yadda ake samu a yara da yawa tun daga haihuwa, hoton MRI ne ke nuna zurfinsa. Sai gwajin jini: yawan himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja wanda da shi ake auna ƙarancin jini, da ajiyar sinadarin ayon (ƙarfe) da jiki ke haɗa jini da shi, da kuma gwajin daskarewar jini, domin jinin da ke kwance a cikin ƙullutai yakan riƙa daskarewa yana cinye sinadaran da jiki ke tsayar da zubar jini da su, wanda hakan babban haɗari ne ranar tiyata.

Ma'aunan da za a ɗora kowace hanya a kansu biyar ne. Na farko, shin tana tsayar da zubar jinin ne ko kuwa tana mayar da abin da ya zuba kawai. Na biyu kuɗi, kuma a nan dole a bambanta tsakanin kuɗin da ake biya sau ɗaya da wanda ake biya wata-wata shekara da shekaru, a kuma haɗa da kuɗin mota da masauki da ranakun da uba ko uwa suka bar sana'a. Na uku ɗorewar sakamako. Na huɗu sauƙin samu da sauƙin bi ga yaron da iyalinsa. Na biyar haɗari. A ganina ma'auni na huɗu ne iyaye da likitoci suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ke rusa kyakkyawan shiri, domin maganin da ya fi kowanne ƙarfi yakan zama cuta idan aka fara shi a inda ba za a iya sa masa ido ba.

Hanya ta farko: maganin ayon da ƙarin jini

Wannan ita ce hanyar da kowane yaro mai ciwon ke farawa da ita, kuma ko an zaɓi wata daga baya ba a cika barinta gaba ɗaya ba. Ana ba da sinadarin ayon na sha, ruwa ko ƙwaya, yawanci miligiram 3 zuwa 6 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, a ci gaba har kamar wata uku bayan jinin ya dawo daidai domin a cika ajiyar jiki. Idan zubar ba ta tsaya ba kuwa, shan ba ya tsayawa. Shayi da madara suna rage shigar maganin jiki idan aka sha su tare, lemon zaƙi kuma yana taimaka masa. Hanta da jan nama da wake da zogale abinci ne masu amfani ga yaron, amma ba za su iya cike gurbin jinin da ke fita kullum ba. Idan na sha ya kasa, ko cikin yaron bai karɓe shi ba, akwai ayon da ake sakawa ta jijiya a asibiti, wanda ke ɗaga jini da sauri fiye da na sha. Ƙarin jini kuwa sai jinin ya faɗi ƙwarai, ko yaron ya fara haki yana zaune, ko zuciyarsa na bugawa da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar himogulobin da ya gaza giram 7 a kowace desilita a matsayin matsanancin ƙarancin jini ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar.

Ta fuskar kuɗi babu hanyar da ta kai ayon na sha araha, kuma ana samunsa a kusan kowane shagon magani. Sai dai hanyar ba ta taɓa ƙullutu ko ɗaya, don haka ba ta da ɗorewa ko kaɗan: ranar da aka daina, jinin zai fara sauka. Illolin ayon na sha ƙanana ne, kamar ciwon ciki da taurin bayan gida da tashin zuciya, amma akwai abu biyu da ya kamata uwa ta sani. Maganin da kansa yana mayar da bayan gida baƙi, saboda haka launi kaɗai ba zai ƙara nuna mata ko yaron na zubar da jini ba, sai dai awon jini a kai a kai. Sannan ƙwayoyin ayon guba ne idan ƙaramin yaro ya kwashi da yawa ya haɗiye, don haka a ajiye su inda ƙannensa ba za su kai ba.

Ƙarin jini shi ne ɓangaren da arahar hanyar ke ƙarewa. Duk wanda ya taɓa neman mai ba da jini da tsakar dare ya san nauyin abin, balle a ce za a riƙa maimaitawa sau da yawa a shekara. Kowane ƙari yana ɗauke da yiwuwar jiki ya ƙi jinin, da yiwuwar kamuwa da ciwon hanta ko ƙanjamau idan tantancewar ba ta da inganci, kuma yaron da aka yi wa ƙari da yawa jikinsa yakan ƙera garkuwar da ke sa samun jinin da ya dace da shi ya ƙara wuya. Yaron da ke rayuwa daga wannan leda zuwa waccan girmansa na tsayawa, karatunsa na yankewa. Idan abin ya kai haka, hanya ta farko ta gaza, kuma ci gaba da ita kaɗai saboda tsoron sauran hanyoyin ba adalci ba ne ga yaron.

Hanya ta biyu: magance ƙullutan da na'urar leƙa ciki

A nan likitan ciki ne ke zura na'urar bayan an sa yaro barci, ya bi ƙullutan ɗaya bayan ɗaya. Yana iya yi wa ƙullutu allurar da ke busar da jijiya, ko ya ɗaure gindinsa da 'yar roba ko zare har ya bushe ya faɗi, ko ya shaƙe shi da zoben waya ya yanke, ko ya ƙone ƙanana da zafi. Tun da Hironori Yamamoto na Japan ya ƙirƙiro na'ura mai balan-balan biyu a 2001, aka sami damar kutsawa can cikin ƙaramin hanji ba tare da an tsaga ciki ba.

Kyawun wannan hanya shi ne babu yanka, yaro yakan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma aikin gano ciwo da na magani suna iya haɗuwa a zama ɗaya. Idan ƙullutan kaɗan ne, kuma suna tumbi ko babban hanji inda na'urar yau da kullum ke isa, sakamakon yakan yi kyau ya kuma daɗe. Matsalar tana fitowa ne idan suna da yawa, domin ba za a gama su a zama ɗaya ba, kowane zama kuma da kuɗinsa da maganin barcinsa, sannan waɗanda suke ƙanana a bana za su girma baɗi. Na'urar da ke shiga ƙaramin hanji ba kowane asibitin koyarwa ke da ita ba, wanda ya iya sarrafa ta a cikin ƙaramin yaro kuma ya fi ta wuyar samu. Babban haɗarin shi ne hujewar hanji, domin bangon ƙaramin hanji siriri ne, kuma wasu ƙullutan sun ratsa kaurinsa gaba ɗaya, ta yadda yanke su ko ƙone su daga ciki zai bar rami. Akwai kuma zubar jini daga mikin da ya rage bayan kwanaki. Saboda haka bai dace a yi wannan aiki ba sai a asibitin da likitan tiyatar yara da ma'ajiyar jini suke kusa.

Hanya ta uku: tiyata

Tiyata iri biyu ce, kuma rikita su yana sa iyaye su yanke hukunci ba daidai ba. Akwai ta gaggawa, wadda babu zaɓi a cikinta: ƙullutu yakan ja wani sashe na hanji ya cusa shi cikin na gaba da shi, ko ya sa hanjin ya murɗe, ko ya fashe da jini mai yawa. Alamunta su ne murɗar ciki mai tsanani da ke zuwa tana tafiya, da amai kore, da kumburin ciki, da jini ja a bayan gida ko a amai, da suma. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a wannan sa'ar, ba sai gari ya waye ba.

Ta biyu ita ce wadda ake shiryawa da nufin share ƙullutan hanji duka. Likita yana buɗe ciki, a zura na'ura mai haske cikin hanjin, a bi shi taƙi bayan taƙi ana ganin inuwar kowane ƙullutu ta bango, a yanke shi da ɗan abin da ke kewaye da shi a ɗinke, ko a ɗaure shi, ba a cire guntun hanji sai inda suka cunkushe. Rahoton da ya fi shahara kan wannan ya fito ne a 2005 daga asibitin yara na Boston a Amurka, ƙarƙashin Steven Fishman. Marasa lafiya 10 aka yi wa aikin, an cire ƙullutai 137 ga kowane mutum a matsakaici, mafi ƙaranci 4, mafi yawa 557, kuma bayan an bi su kimanin shekara biyar mutum ɗaya ne kawai zubar jini ta dawo masa.

Wannan sakamako ne mai ƙarfi, kuma shi ya sa ba na ganin daidai ne a kore tiyata daga lissafi don kawai an sami magani na sha. Ita ce hanyar da ta fi iya ba yaro shekaru ba tare da ƙwaya kullum ko awon jini wata-wata ba, kuɗinta kuma, duk da yawansa, sau ɗaya ake tara shi. Amma a tuna cewa sakamakon Boston na ƙwararrun da suka shafe shekaru suna wannan aiki ne, wasu wuraren kuma sun ba da labarin dawowar zubar jini, ko daga ƙananan ƙullutan da ido bai gani ba ko daga sababbi. Aikin yana cin sa'o'i da yawa, yana buƙatar jini a ajiye da sashen kulawa ta musamman bayan an fito. Kowane ɗinki a hanji wuri ne da zai iya yoyo, hanjin kan iya mannewa da juna daga baya ya toshe, kuma idan aka cire tsawo mai yawa yaro zai rayu da hanjin da bai isa ya tsotse abinci ba. Idan gwaji ya nuna matsalar daskarewar jini da aka ambata a sama, ana gyara ta da allurar hefarin, mai hana jini daskarewa a cikin ƙullutai, kafin aiki da bayansa. Tambayar da ta halatta iyaye su yi wa likita cikin ladabi ita ce: shin nufin aikin a share duka ne ko a cire sashe ɗaya, kuma wace dabara za a bi a ga ƙullutan da ke ɓoye?

Hanya ta huɗu: sirolimus

Wannan magani ne ya sauya lissafin ciwon Bean a 'yan shekarun nan. An samo shi daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasar tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik, Amurka kuma ta amince da shi a 1999 domin hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa. Yana danne wani furotin mai suna mTOR, wanda ke kan hanyar saƙon da sauyin TEK ke kunnawa ba kashewa, shi ya sa yake sa ƙullutai su lafa. A 2012 likitoci a Turkiyya suka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 da ta daɗe ana ƙara mata jini, wadda zubarta ta tsaya bayan an sa ta a kan ɗan ƙaramin adadi na maganin. Daga nan rahotanni suka biyo baya daga Amurka da Turai da Sin, mafi yawansu suna nuna abu ɗaya: himogulobin yana hawa, buƙatar ƙarin jini tana raguwa ko ta ƙare, ciwon ƙullutan yana sauƙi, matsalar daskarewar jini ma tana gyaruwa. Rahotannin na mutane kaɗan-kaɗan ne, kamar yadda ba makawa a ciwon da ba shi da yawa, amma sun yi ta maimaita juna.

Fifikonsa a kan na'ura da wuƙa shi ne yana isa ko'ina lokaci ɗaya, har ƙullutan da ke tsakiyar ƙaramin hanji da na cikin tsoka. Rauninsa kuma shi ne danne ciwon yake yi, ba ya kawar da shi. Ƙullutan sukan ragu amma ba sa ƙarewa, kuma a yara da yawa zubar jinin tana dawowa idan aka daina, don haka wanda zai fara ya ƙudurta cewa tafiya ce ta shekaru.

Nan ne maganar kuɗi da sauƙi ke da nauyi. Daga waje ake shigo da maganin, ko mai suna Rapamune ko makamantansa na wasu kamfanoni da suka fi araha, farashinsa kuma yana bin canjin kuɗin waje. Ba a tsayawa kan sayen magani kawai, domin adadin da yaro ke buƙata ana daidaita shi ne da awon yawan maganin a cikin jini, wanda ake ɗiba dab da shan na gaba. Cibiyoyi da yawa suna neman nanogiram 5 zuwa 15 a kowace mililita, ko da yake yarinyar Turkiyya an riƙe ta ne tsakanin 1 da 5 kuma ya wadatar, abin da ya ƙarfafa wa likitoci gwiwar gwada ƙaramin adadi. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan awo ba, sau da yawa sai an aika jinin wani gari. Ga kuma awon ƙwayoyin jini, da maiƙon jini, da lafiyar hanta da ƙoda, da farko kusa-kusa, daga baya duk bayan 'yan watanni. Na ruwa, wanda ya fi dacewa da ƙananan yara, sai an ajiye shi a firiji, abin lura ga gidan da wutar lantarki ba ta zama. Ƙwayar kuma ba a fasa ta ko a niƙa.

Illar da aka fi gani ita ce gyambon baki, sai hawan maiƙon jini, da raguwar fararen ƙwayoyin jini, da ƙuraje, da rikicewar al'ada ga 'yan mata, kuma ba a ɗaukar ciki ana shansa. Wadda ta fi muhimmanci ita ce raunana garkuwar jiki. A ƙasashen da tarin fuka da ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro suka yi yawa, ya wajaba a gwada yaro kan tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau kafin a fara, a kuma ɗauki kowane zazzaɓi da muhimmanci a kai shi asibiti a ranar. Likitoci da yawa suna haɗa masa da Septrin domin kare huhu. Rigakafin da ke ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana, irin na ƙyanda da na shawara da ɗigon shan inna, an fi so a kammala su kafin a fara maganin, bayan an fara kuma sai da shawarar likitan da ke duba yaron. Sauran alluran rigakafi suna ci gaba kamar yadda aka saba. Magunguna da yawa suna karo da shi: rifamfisin na tarin fuka yana zubar da ƙarfinsa ƙasa warwas, eritromaisin da fulukonazol kuma suna ɗaga shi har ya kai ga cutarwa, saboda haka yaron da ke kan sirolimus ba a saya masa magani a kemis da ka. Yana kuma jinkirta warkewar rauni, don haka ana dakatar da shi kafin tiyata, har kaciya ma sai an sanar da likita.

An gwada wasu magunguna kafin zuwan sirolimus, kamar oktiriyotaid da sitiroyid da intaferon, sakamakonsu bai tsaya a wuri ɗaya ba, yau kuma ba su ne kan gaba ba. Furofuranolol, wanda ke narkar da jan ƙullutun jarirai da ake kira himanjiyoma, ba ya yin wannan aiki a ƙullutan jijiya irin na ciwon Bean, kuma rikita ciwukan biyu ya sa an ɓata wa yara da yawa lokaci.

Hanya | Tsayar da zuba | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari
Ayon da ƙarin jini | Ba ta tsayarwa | Ayon araha, ƙarin jini yana taruwa | Sai ana ci gaba | Ana samu kusan ko'ina | Illar yawan ƙarin jini
Na'urar leƙa ciki | A inda ta isa | Matsakaici zuwa mai yawa, kowane zama | Watanni zuwa shekaru | Sai babban asibiti | Hujewar hanji
Tiyatar sharewa | Sosai, idan an ga duka | Mai yawa, sau ɗaya | Tana iya kai shekaru | Sai ƙwararrun tiyatar yara | Yoyon ɗinki, mannewa, gajartar hanji
Sirolimus | Sosai, a mafi yawan yara | Mai yawa, wata-wata | Muddin ana sha | Sha a gida, awo a kai a kai | Raunin garkuwar jiki

Ƙullutan fata ba su cika zubar da jini da kansu ba, kuma ba a taɓa su sai suna ciwo, ko suna tafin ƙafa suna hana tafiya, ko suna fuska suna damun yaron. Ana iya yi musu allurar busarwa, ko hasken leza, ko a yanke. Abin da bai kamata ba ko kusa shi ne a kai yaron wurin wanzami a yi masa sakiya ko tsaga ko ƙaho a kan ƙullutun, domin babu ruwa ko mugunya a ciki, jijiya ce cike da jini. Haka nan ko wace hanya aka bi, a nisanta yaron da asfirin da ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ke ƙara zubar jinin ciki. Farasitamol ya isa ga zazzaɓi da ƙaramin ciwo.

Wace hanya ga wane yaro

Yaron da jininsa ke tsayawa daidai da ayon na sha, yana girma yana zuwa makaranta, ba a taɓa ƙara masa jini ba ko sau ɗaya aka yi, ya zauna a kan hanya ta farko tare da awon jini duk bayan 'yan watanni. Babu hikima a ɗora masa haɗarin wuƙa ko na raunin garkuwa saboda ƙullutan da ba su fi ƙarfin ƙwayar ayon ba.

Wanda bincike ya nuna ƙullutansa ƙidayayyu ne kuma suna tumbi ko babban hanji, na'urar leƙa ciki ce ta fi dacewa da shi. Idan kuma sun taru a guntu ɗaya na ƙaramin hanji, ko akwai babba guda da ya taɓa jawo toshewa, tiyata mai iyaka za ta raba shi da matsalar da zama ɗaya.

Yaron da ƙullutansa suka bazu daga tumbi har dubura, ana ƙara masa jini a kai a kai, ko yana da babban ƙullutu mai ciwo da matsalar daskarewar jini, shi ne wanda sirolimus ya fi amfana, kuma a yau da shi nake ganin ya kamata a fara kafin a yi maganar babbar tiyata. Sharaɗin shi ne iyalin su zauna su yi lissafin shekara guda cur, magani da awo da kuɗin mota, su tabbatar da inda za su riƙa samun maganin ba yankewa, da likita ɗaya da zai riƙe katin yaron. Idan maganin ya gaza, ko illarsa ta yi yawa, ko yarinya ta girma tana shirin aure da haihuwa, sai tiyatar sharewa ta dawo kan tebur, wani lokaci ma a haɗa: sirolimus ya kwantar da zubar, jinin yaro ya cika, sannan a bi manyan ƙullutan da na'ura ko wuƙa yana da ƙarfin jiki.

Saura iyalin da ke nesa da babban asibiti, waɗanda awon maganin a jini da sayensa wata-wata suka fi ƙarfinsu. Gare su, fara sirolimus a sha wata biyu a bari ya fi rashin farawa muni, domin an kashe kuɗi, an raunana garkuwa, jinin kuma zai koma inda yake. Abin da ya fi musu shi ne su riƙe ayon da gaske, su nemi na jijiya idan na sha ya kasa, su tanadi 'yan uwa biyu ko uku da aka riga aka gwada jininsu ya dace da na yaron, sannan su tara ƙarfinsu wuri ɗaya domin tafiya guda zuwa asibitin koyarwa mai likitan ciki da na tiyatar yara, a leƙa a ƙidaya ƙullutan, a ga ko aiki ɗaya zai wadatar. Su tafi da littafin da suka rubuta ranar kowane awon jini da sakamakonsa da ranar kowane ƙari, domin da wannan littafi ne likitan da bai taɓa ganin yaron ba zai gane saurin zubar, ya kuma san hanyar da zai ba da shawara a bi.